Kwalaben Humra a Tanderu

Ba fenti ba ne. Da wannan zan fara, don na gaji da maimaitawa. Duk wanda ya shigo shagonmu ya ɗauki faranti mai ruwan ganye da ɗigon ja, sai ya sa farce ya kankara, wai yana neman inda fentin zai ɓare. Ba roba ba ce, ba da gam muke mannawa ba, kuma ba ma hurawa da baki. Gilashi muke yankawa, mu jera wani kan wani, mu sa a tanderun lantarki har ya yi laushi ya haɗe ya zama abu ɗaya. Launin a cikin jikinsa yake. Ki kankara har farcenki ya ƙare.

'Yan matan da ke zuwa yanzu wai za su koya, duk daga bidiyon waya suka taso. A bidiyon an zuba tsakuwar gilashi, an rufe murfi, an buɗe, ga kwano yana ƙyalli. To abin da aka yanke a tsakiyar bidiyon shi ne sana'ar. Ku zauna in gaya muku sau ɗaya.

Sunana Rumasa'u, a Kwaciri nake. Na gama sakandare ina zaman gida, Inna ta aike ni Sabon Gari in yanko mata luba biyu na tagarta da suka fashe. A shagon na ga faranta a jere kan kanta, rana ta bugo su, launinsu ya zubo a siminti, kore da shuɗi. Ni ma farcen na sa. Sai na ji an buge min hannu da rula. Mai shagon ce. Sunanta Nkechi, amma duk layin Mama Keci ake ce mata. A Sabon Gari aka haife ta, in tana faɗa da Hausa sai ka rantse 'yar Fagge ce. Mijinta ya rasu ya bar mata shagon yankan gilashin taga da madubi, ita kuma ta je Legas ta koyo aikin tanderu ta ƙara a kai. Ta ce in taɓawa nake so, in zo gobe in yi wanki. Na zo. Inna ta yi ta mita cewa ta aiki mutum luba ya dawo mata da sana'a. Baba ya je da kansa ya ga wurin, suka gaisa da Mama Keci, ya dawo ya ce in je, amma kada magariba ta same ni a hanya.

Wankin ba wulaƙanci ba ne, ko da yake a lokacin haka na ɗauka. Duk wadda ta shafa mai ta taɓa gilashin da za a gasa, hoton yatsanta zai gasu a jikinsa, ba mai fitar da shi. A wanke da sabulu, a goge da sifirit, daga nan gefe-gefe ake kama shi. Bayan wanki sai yanka. Abin yankan muna ce masa daimon, ɗan alƙalamin ƙarfe ne mai ƙaramar taya a baki. A tsoma bakin a kananzir, a ja layi sau ɗaya tak. Ba a komawa kan layi, in kin koma kin kashe tayar, gilashin kuma ya fashe inda ya ga dama. Da kunne ake yanka. In ya yi ƙarar yaga sabon yadi, daidai ne. In ya yi ƙarar taka yashi, kin danna da yawa. Sannan ki kama da filaya ki karya ƙasa, ba sama ba. Yatsuna sun sha filasta kafin kunnena ya koya.

Allon da ake ɗora aiki a cikin tanderu na yumɓu ne, kuma sai an shafe shi da ruwan farar ƙasa an bari ya bushe. Kika manta, gilashin ya manne masa, sai dai guduma ta raba su. Gilashi kuma yana da kaurin da yake so, kaurin falle biyu. Kin sa falle ɗaya ya tattare ya ja gefensa ciki, kin sa huɗu ya baje kamar kunu. Ba ruwansa da zanenki.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne saukowa. Hawan zafi ba wani abu ba ne, a hankali ake kai shi har ya wuce digiri ɗari takwas, gilashin ya narke ya haɗe. Amma in an juyo, sai an tsayar da zafin a wajen ɗari biyar an riƙe shi a nan, don ciki da bayan gilashin su huce tare. Daga nan a bar tanderu a rufe har gobe. Mu kuwa mata hannunmu ya saba da buɗe tukunya. Mama Keci ta kama ni sau biyu hannuna a kan murfi, ta kama wata kwastoma sau ɗaya, sai ta kira mai walda ya yi wa tanderun marikin kwado. Makullin a wuyanta yake kwana, tare da sarƙar gicciyenta.

Sai doka ta ƙarshe: gilashi ba ya shiri da kowane gilashi. Kowanne da yadda yake buɗewa in ya ji zafi, da yadda yake tsukewa in ya huce. Ki haɗa biyu da ba jinsi ɗaya ba, za su fito lafiya lau, ki yi murna, ki ɗauki hoto, bayan kwana biyu kina zaune ki ji ƙas a kan kanta. Shi ya sa da can gilashi mai launi na waje kawai muke sawa, wanda aka yi shi don ya haɗu da ɗan'uwansa.

Sai shekarar da komai ya tsaya. Dala ta tashi, gilashin waje ya gagara, taransifomar layinmu kuma ta ƙone aka daɗe ba a gyara ba. Tanderu ya zama teburin ajiye kular abinci. Muka koma yankan luba da madubin bayi. Da Mama Keci ta samu ta sayi tsohon janareta babba, ba gilashin da za mu gasa, sai muka koma kwalabe. Koriyar kwalbar lemo, ruwan ƙasa ta maltina, farar ta zuma, guntayen luba. A nan na koyi daka. Turminmu guntun bututun ƙarfe ne da aka toshe gindinsa, taɓaryar kuma rodi. A jiƙa gilashin, a ɗaura takunkumi, don ƙurarsa ba ta fita daga huhu. A tankaɗe, a zubar da garin mai laushi don shi ke sa aiki ya yi hazo, a riƙe tsakuwar, a bi ta da maganaɗisu ya tsince ɓurɓushin ƙarfe. Gilashin kwalba yana son yin fari-fari a fuska, sai a shafa masa ruwan boraks, farin garin nan na maƙeran zinare, ya fito da sheƙi. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu rufe ba.

Aikin da nake son ba ku labari a Disamba ya zo. Kun san Sabon Gari a ƙarshen shekara, rabin layi ya sa kwado ya tafi gida Kirsimeti. Mama Keci ma ta tafi, kuma a karon farko ta cire makullin tanderu daga wuyanta ta ba ni. Ta ce 'yan kunne da ƙananan faranta kawai, kada in karɓi babban aiki. Na ce to.

Ba a jima ba wata mata ta shigo da kwali a rungume. Malama Bilkisu, tana koyarwa a wata firamare a Fagge. Kafin ta buɗe kwalin shagon ya cika da ƙamshi. Kwalaben humra ne, tsofaffi, manyan koraye guda biyar da wata shuɗiya mai dogon wuya. Na mahaifiyarsu ne, ta rasu bara. Ita ce mai haɗa humrar duk amaren danginsu, ga shi yanzu za a aurar da autarsu ba ta. Malama ta ce sutura an rabar sadaka, kwanuka dangi sun ɗauka, kwalaben nan ne kaɗai suka rage a hannunta. Tana son a narka su a yi kwano ɗaya, a sa a ɗakin ƙanwarta ranar jere.

Na ce zan yi. Bayan ta fita na kira Mama Keci. Ana ta kiɗa da hayaniya a bayanta. Ta ce kayan mamaci ba a koyon aiki da su, in ya fashe ba kasuwar da za a sayo wani, kada in karɓa. Na ce ai suna gabana. Ta yi wata magana da Ibo wadda na san ba addu'a ba ce, sannan ta ce, "Rumasa'u, ki gwada kafin ki daka. Ki gwada, kin ji ni?"

Na gwada. Na ɓanto ɗan ƙaramin yanki daga bakin kowace kwalba, na haɗa su bibbiyu, na gasa kamar ƙananan alewa. Da suka huce na kai wa Malam Sani mai ƙanƙara, maƙwabcinmu, na ce ya sa min a firiza su kwana. Ya ce shi tunda yake bai taɓa sanyaya wa mutum fasasshiyar kwalba ba, ko sha zan yi. Gwajin ke nan, sanyi yana tona duk haɗin da bai yi ba. Washegari korayen duk suna nan garau, ashe kamfani ɗaya ya yi su. Amma duk inda shuɗiyar ta taɓa koriya, ya tsage.

Da Malama ta dawo na gaya mata kai tsaye, shuɗiyar ba za ta shiga ba. Ta ce ai ita ce marigayiya ta fi so, ita ce ta humrarta ta kanta. Na ce ko ita ce ta fi so, in na sa ta za ta fasa sauran biyar ɗin. Ta tambaye ni ko ƙamshin zai zauna a kwanon. Na ce a'a, ni ma sai na wanke shi tas kafin in gasa, abin da ya rage wuta ta cinye. Ta tsaya tana kallon kwalin, na ga alamar za ta ɗauke kayanta. Sai na miƙa mata shuɗiyar na ce ta tafi da ita haka nan, ba wanki, ba daka, ta ajiye a gefen kwanon. Ta buɗe murfin ta sansana ta rufe, ta sa a jaka. Ta ce in yi.

Humrar shekara da shekaru ta daskare a gindin kwalaben kamar ƙaro. Na jiƙa su a ruwan zafi da omo, na bi da sifirit, na sake. Duk layin ya ɗauka biki ake a shagonmu, Malam Sani yana leƙowa yana tambayar wane ne angon. Na yanke gindin kwalba ɗaya, mai kauri, na ajiye shi a tsakiya, sauran na daka na zuba kewaye da shi cikin zoben ƙarfe. Lokacin da rodi ya sauka kan kwalbar farko sai da na yi bismilla da ƙarfi, don daga nan ba komawa.

Gashi biyu ake yi. Na farko a narka a samu faifai shimfiɗaɗɗe. Na biyu a ɗora faifan a bakin kwanon yumɓu mai 'yan huji a gindi, a ba shi zafin da bai kai na farko ba, ya lanƙwasa da kansa ya zauna ciki. A gashin farko, daidai lokacin riƙe zafi, aka ɗauke wuta. Na tattare hijabi na yi kan janareta, na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami, yana tashi na yi guɗa ni kaɗai a shago da rana tsaka. Makullin kuwa Malam Sani na kai wa, na ce ko na yi kuka kada ya ba ni sai gobe. Na koma sau uku. Bai ba ni ba.

Kwanon ya fito kore irin na ɗanyen mangwaro, tsakiyarsa ta fi duhu, da 'yan kumfa a ciki kamar ruwa ya tsaya cak yana tafasa. Na goge bakinsa da dutse a cikin ruwa. Na ɗaga shi a rana, na juya, na ajiye, na sake ɗagawa. Na tura wa Mama Keci hoto, ta amsa da kalma ɗaya: firiza. Ya kwana a firiza. Ya fito bai tsage ba.

Ranar jere ni na kai shi da kaina, a naɗe cikin zani, a kan cinyata a adaidaita sahu, ina yi wa direba faɗa a kowane rami. Sabon gida ne a Fagge, ko tulin yashin magina ba a kwashe daga ƙofa ba. Mata cike, ana kafa labule, ana gardama kan inda gado zai fuskanta. Na warware zanin, kowa ya ɗauki magana lokaci guda. Malama Bilkisu ta ɗora shi gaban madubi, ta fito da shuɗiyar ta ajiye kusa. Ni kuwa an ba ni kujera da lemo, ina ta baza bayani, har da digiri ɗari takwas ɗin, don in burge su.

Kun san in an gama jere sai an turara ɗaki. Shugabar jeren ita ce Hajiya Ladi, ƙanwar baban amarya, kowa Gwaggo yake ce mata. Sai ga ta ta shigo da jan garwashi a murfin kwano, tana hura shi, ta nufi madubi.

"Ke 'yar gilashi, matso min da kaskon nan."

"Gwaggo, ba kasko ba ne."

"Da kwalbar turare aka yi shi ko ba da ita ba?"

"Da ita."

"Yana da zurfi ko ba shi da shi?"

"Yana da shi, amma..."

"To kasko ne."

Na dubi Malama don ta raba mu, sai ta ce a hankali ai ni na ce wutar da ya fito ciki ta wuce ɗari takwas, garwashi uku me za su yi masa. Duk ɗakin suka gyaɗa kai. Gwaggo ta riga ta karkata murfin. Ban tsaya neman kalmar girmamawa ba, na sure kwanon na rungume na yi tsakar gida. Gwaggo ta biyo ni da garwashinta, mata suka biyo ta, wata tana cewa 'yar gilashi ta gudu da kayan amarya, wata tana dariya har ta zauna a bakin rijiya. Muka zagaya tulin yashin nan ni da Gwaggo, ina ba ta haƙuri ina gudu, tana cewa ita ta haifi wanda ya haife ni.

Bayani ba zai yi ba, na sani. A tanderu zafi yana kama gilashi ko'ina lokaci guda, garwashi kuwa wuri ɗaya yake ci, nan ya buɗe, gefensa na sanyi, sai ya yage. Amma wa zai tsaya jin wannan? Na hango guntun luba da magina suka yar, na tura shi da ƙafa gabanta, na ce don Allah ta ɗora garwashi ɗaya a nan tukuna, in bai yi komai ba ni da hannuna zan zuba mata sauran a kwanon. Ta harare ni ta ɗora. Muka tsaya. Har wata ta fara cewa to ga shi nan lafiya, sai ƙas, luba ya rabe biyu.

Malama Bilkisu ta miƙo hannu ta karɓi kwanon daga ƙirjina ta riƙe da hannu biyu. Gwaggo ta dubi luba, ta dube ni, ta ce, "To da sai ki faɗa." Sannan ta ce ita dai ɗakin 'yarta ba zai kwana ba turare ba, kuma turaren nan a cikin kayan uwar amarya zai tashi, in san yadda zan yi.

Yashin da muka gama zagayawa na duba. Na ɗebo busasshe daga sama, na tankaɗe da gefen gyalena, na cika kwanon fiye da rabi. Aka aro ƙaramin kaskon ƙasa a maƙwabta, na dasa shi a tsakiyar yashin yadda ba inda ya taɓa gilashi. Gwaggo ta zuba garwashinta, ta barbaɗa turare. Na sa tafin hannuna a gindin kwanon ban ɗauke ba. Hayaƙi ya tashi, ya bi ta kan koren bakin nan, ya cika ɗakin. Gilashin ko ɗumi bai yi ba har garwashin ya mutu. Gwaggo ta gaya wa waɗanda suka shigo daga baya cewa dabararta ce. Na bar mata.

Kafin in fita mata uku sun tare ni a zaure. Ashe kowacce tana da kwalaben uwarta ko na kakarta a ƙarƙashin gado, kuma duk irin wannan suke so, mai kasko a tsakiya. Na ce kada wadda ta kawo min ko murfi tukuna. Na ranar nan sa'a ce da yashin magina, ban san iyakar zafin da zai ɗauka ba, kuma wata rana ba ni a ɗakin lokacin da wata Gwaggon za ta zuba garwashi.

Don haka ga abin da zan yi. Asabar zan je wurin masu ginin tukwane da ma'aunina, a gina min ƙananan kasake masu kauri daidai cikin kwanona. Zan daka kwalaben lemo in gasa kwanuka nawa na kaina, in cika su da yashi, in yi ta zuba musu garwashi ina rage yashin har sai ɗaya ya fashe a gabana, in san inda iyakar take. Mama Keci sai bayan sabuwar shekara za ta dawo. Ba zan jira ta ba, za ta zo ta tarar da shagonta yana hayaƙi.